Wasan gaɗa na kai aji, yanzu aikina yana rawa

Assalamu alaikum Gwaggo, ya ƙoƙari? Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a cikin garin Kaduna, shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa bayan na gama NCE. Ina riƙe da 'yan aji biyu na firamare, yara 36. Cikin darussan da aka ba ni akwai na al'adu da fasaha, inda ake koyar da waƙa da motsa jiki. Ko ganga ɗaya ba mu da ita. Abin da na tarar ana yi shi ne a rubuta ma'anar kiɗa da Turanci a allo, yara su kwafa, su haddace, su zuba a jarrabawa. Da na ga suna ta gyangyaɗi sai na fara fita da su tsakar makaranta muna tafa-tafa da gaɗa irin wadda muka yi muna yara. Wallahi Gwaggo yaran sun canja, har wata da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta fara ba da waƙa. To makonni uku da suka wuce ana gaɗa wata yarinya ta faɗa ta baya, ba a cafe ta da kyau ba, ta ƙuje a gwiwar hannu. Da ta koma gida kuma mahaifinta ya ji tana rera wani baiti da ke maganar saurayi. Washegari ya zo ya ce shi karatu ya biya wa kuɗi, ba rawa da shashanci ba, kuma zai cire 'ya'yansa uku. Hajiya mai makaranta ta yi mini faɗa a gaban malamai, ta ce kada ta ƙara ganina a waje da yara. Tun ranar ba na barcin kirki. Wata abokiyar aikina ta ce in ci gaba a ɓoye, in riƙa rufe ƙofa. Mahaifiyata ta ce in ja bakina in riƙe albashina, don ni ke taimaka wa ƙannena. Ni kuma zuciyata ajiye aikin take so. Shin kuskure na yi? Yaya zan yi?

Malama mai damuwa, Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi tsayawa shi ne wurin da kika ce an yi miki faɗa a gaban malamai. Na yi shekaru a aji kafin in ajiye alli, na san yadda irin wannan yake cin rai. Mutum ya yi abu da zuciya ɗaya, ya ga amfaninsa da idonsa, sannan a tsayar da shi a gaban abokan aikinsa a wanke shi tas. Dole barci ya ƙaurace miki. Sai dai ina roƙonki abu ɗaya tun kafin mu yi nisa: kada ki rubuta takardar ajiye aiki a wannan makon, ko na gaba. Ba a yanke shawarar da ta shafi tuwon gida zuciya tana tafasa.

Kin tambaya ko kuskure kika yi. Hanyar da kika ɗauka daidai ce, ba ni da ko ɗigon shakka a kai. Amma a cikin tafiyar kin yi tuntuɓe, kuma in na ɓoye miki ban yi miki adalci ba. Bari in fara da inda kike da gaskiya, don shi za ki riƙe in kin je gaban Hajiya.

Ki kalli yara biyu suna tafa-tafa. Hannun dama ya gamu da na dama, na hagu da na hagu, sannan kowacce ta tafa nata, baki kuma yana rerawa bai saki ba. In ɗaya ta riga 'yar'uwarta da ƙiftawar ido, tafin ya watse, su yi dariya su sake. Babu wanda ya gaya musu sunan abin da suke yi, amma su biyun suna riƙe da bugu ɗaya, suna sauraron juna, suna haɗa ido da hannu da harshe a lokaci guda. Tushen duk abin da ake kira kiɗa ke nan. A gaɗa kuma ga mai bayarwa ga 'yan amshi. Yarinya tana koyon jiran lokacinta, ta san inda za ta shiga da inda za ta yi shiru, kari ya hau ta hau, ya sauka ta sauka. A carafke tsakuwar da aka cilla sama ita ke auna lokaci, sai an kwashe na ƙasa kafin ta dawo. 'Yar gala-gala da langa suna koya wa jiki tsayuwa da tafiya a kan ƙafa ɗaya. Ko a cikin gida, duk wanda ya taɓa tsayawa ya saurari mata uku suna lugude a turmi ɗaya, taɓarya na bin taɓarya, wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe bugun bai karkace ba, ya san Bahaushe bai jira allo ba kafin ya san taki. Yaron da ya haddace ma'anar kiɗa da Turanci ya cinye maki goma bai samu ko kwatan abin da waɗannan matan suke da shi a tafin hannunsu ba.

Abin da kika gano da kanki a tsakar makaranta, manyan malaman kiɗa na Turai ma sai da suka sha wahalar allo kafin su iso gare shi. Émile Jaques-Dalcroze ya fara koyarwa a makarantar kiɗa ta birnin Jeniba, a Suwizalan, a 1892. Ya lura ɗalibansa suna iya karanta kiɗa a takarda amma jikinsu ba ya jin bugun, sai ya tashe su daga kujeru ya sa su taka, su tafa, su tsaya. Carl Orff na Jamus, wanda shi da Dorothee Günther suka buɗe makarantar motsa jiki da kiɗa a Munich a 1924, ya gina koyarwarsa a kan magana da tafi da buga ƙafa da waƙoƙin wasan yara. Zoltán Kodály na Hangari ya riƙa bin ƙauyuka tun 1905 yana tattara waƙoƙin talakawa, daga baya ya dage a kan cewa yaro ya fara da waƙoƙin harshen da ya tsotsa a nono, kuma da muryarsa, tunda ita kowane yaro ya zo da ita kyauta. Yau malamai na ƙetare ƙasashe suna biyan kuɗi su koyo waɗannan hanyoyi. Mu namu yana dandali shi ya sa muka raina shi. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Gaɗa ba ta bukatar wani ya zo daga waje ya wanke ta, amma akwai masu makarantun da sai sun ji irin waɗannan sunaye hankalinsu ke kwanciya, gara ki shiga ofis da guzurinki.

A nan gida ma ba ki saɓa doka ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce a matakin rainon yara wasa ne babbar hanyar koyarwa, a firamare kuma a koyar a aikace. Darasin al'adu da fasaha da ke cikin manhajar da hukumar NERDC ta tsara ya ƙunshi waƙa da wasan kwaikwayo da motsa jiki da aikin hannu, ba zubar da bayani a littafi kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi a kowace rana. Ki duba yaranki. Daga mota ko Keke zuwa benci, daga benci zuwa Islamiyya, daga can zuwa gaban talabijin ko wayar uwa. Dandalin da muka tashi a cikinsa, a unguwanni da yawa na Kaduna an gina shaguna a kansa, inda ya rage kuma iyaye ba sa barin yara fita bayan magariba. Da yawansu a hannunki kaɗai za su taɓa ganin waɗannan wasanni.

To ga tuntuɓen. Waƙoƙin gaɗa a asali ba na 'yan shekara bakwai ba ne. 'Yan mata masu tasowa ne suke yin su a farin wata, kuma abin da ke ransu suke rerawa: saurayi, aure, kishiya, uwar miji, wani lokaci da habaici mai kaifi. Mu da muka tashi da su kunnenmu ya saba, karin muke ji, kalmomin suna wuce mu. Uban da ya dawo daga nema ya ji 'yarsa ta aji biyu tana kiran saurayi a waƙa, ya tambaya ta ce malama ce ta koya musu, shi kalmomin ya ji. Da kin zauna kin rubuta kowane baiti a takarda kin karanta da idon uba, da kin tsame wannan tun bai fita ƙofa ba. Haka faɗawa ta baya a cafe. Wannan na 'yan matan da hannunsu ya yi ƙwari ne, kuma a kan yashi ake yi. A kan siminti da ƙananan yara, Allah ne ya tsare abin ya tsaya a gwiwar hannu bai kai ƙeya ba. Na ukun shi ya fi jawo miki faɗan: Hajiya ta fara jin labarin darasinki ne daga bakin uba mai fushi. Ba ta da amsar da za ta ba shi, don ba ki ba ta ba.

Ban ce don haka ta yi daidai ba. Gyaran malami a ofis ake yi, ƙofa a rufe, kuma in da da ita nake magana da na faɗa mata haka. Amma ki fahimci abin da ya tsorata ta. Makarantar kuɗi da kuɗin makaranta take numfashi, daga ciki ake biyan haya da albashi, har da naki. Yara uku a tafi ɗaya ba ƙaramin giɓi ba ne, kuma abin da ya fi ba ta tsoro shi ne maganar ta shiga zauren WhatsApp na iyaye a ce a makarantar wance rawa ake koyarwa. Irin wannan magana in ta fita ba a iya kamo ta.

Shi ma uban kada ki ɗauke shi abokin gaba. Kalmar shashanci ta yi nauyi, ba ki cancanta ba. Amma mutum ne da ke fitar da kuɗin yara uku kowane zango a wannan tsadar rayuwa, kuma abin da ya gani na darasinki biyu ne rak: ƙujewa da baitin saurayi. Bai ga yarinyar da ta fara magana ba, bai ga gyangyaɗin da ya gushe ba. Uban da ke sauraron abin da 'yarsa ke rerawa har ya tako makaranta a kai, irinsa ne in ya gamsu yake zama mai kare ki a gaban sauran iyaye.

Shawarar abokiyar aikinki kuwa, ki ajiye ta gefe. Yara 36 ba sa riƙe sirri, tafi kuma yana ratsa ƙofa. Ranar da abin ya fito, maganar ta tashi daga kuskuren sabuwar malama ta koma taurin kai da cin amana, kuma a lokacin babu mai tsaya miki. Bayan haka ma, malamar da ta ce wa yara kada ku faɗa a gida ta koya musu abin da ya fi kowane baitin gaɗa illa. Mahaifiyarki ita tana da gaskiya a kan albashi, kuma tana magana ne da idon wadda ta san abin da ake ci a gidan. Ki riƙe aikin kamar yadda ta ce. Inda na ɗan bambanta da ita shi ne jan baki har abada, don malamar da ta ga abin da ke tashin yara daga barci sannan ta koma kwafe daga allo shekara da shekaru, a hankali zuciyarta ke mutuwa a kan aikin.

Ki nemi ganin Hajiya ke da ita kaɗai, ranar da ba ta cikin hayaniyar karɓar kuɗi. Ki fara da naki: ban sanar da ke ba, ban tace waƙoƙin ba, ban lura da siminti ba, ki yi haƙuri Hajiya. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kada ki tayar da maganar faɗan da ta yi miki a wannan zaman, ko da yana ci miki tuwo a ƙwarya. In abubuwa sun daidaita za ki samu ranar da za ki ce mata cikin ladabi, Hajiya in na yi kuskure nan gaba ki kira ni ofis. Sannan ki miƙa mata takarda shafi ɗaya: ga abin da manhaja ta ce a koyar, ga wasan da zan yi amfani da shi, ga abin da yaro zai iya a ƙarshe, ga kalmomin kowace waƙa a rubuce. Ki roƙi gwaji na mako huɗu, darasi ɗaya a mako, a cikin aji, ita ko hedimasta a zaune suna kallo. Mutum ya fi saurin amincewa da abin da ke da iyaka kuma yana iya tsayar da shi.

Wannan takardar ita ce ke maida wasa darasi. In an tambaye ki me kike koyarwa yau, amsar kada ta zama gaɗa. Ta zama: yau suna koyon riƙe bugu, ko bambanta sauri da jinkiri, ko bambanta amo mai ƙarfi da mai taushi, ko shiga amshi a kan lokaci. Wasan shi ne jakin da ya ɗauko kayan.

Ga inda nake so ki fara, don babu uban da zai yi fushi da shi, kuma harshenmu ya riga ya yi miki rabin aikin. Hausa tana da gaɓa gajera da gaɓa doguwa, abin da marubuta waƙa suke aunawa ke nan in suna daidaita kari. Ki ce masara, ki saurara: gajera, gajera, doguwa. Ki ce dankali: doguwa, gajera, doguwa. Ki ce shinkafa: duk ukun dogaye ne. Kalmomi uku na kicin, taki uku daban-daban. Ki sa yara su faɗa suna tafawa, sannan su tafa ba magana, sannan ke ki tafa su canki wace kalma ce. Ki raba aji biyu, waɗannan masara waɗancan dankali, su yi ta bi da bi ba tare da bugun ya faɗi ba. Daga nan ki koma sunayensu, kowa ya tafa nasa aji ya maimaita. Yaro yana son jin sunansa a bakin mutum talatin. Sai unguwannin da suka fito: Kawo tafi biyu, Rigasa uku, Tudun Wada huɗu, Unguwar Rimi biyar, Unguwar Sanusi shida. Kin ga ƙidaya ta shigo, karatu ma ya shigo, don yaron da ya iya yanka kalma gaɓa-gaɓa da tafi shi ne zai iya yanka ta da ido a littafi. A ƙarshen darasi su zana gajeren layi da dogon layi a ƙarƙashin kowace kalma a littafinsu. Wannan shafin shi uba zai gani in ya buɗe jaka, kuma da yawan iyaye abin da ke cikin jaka shi ne shaida.

Motsi kuma ba sai an fita ba. Ki tura benci gefe, ko su tsaya a bayan kujerunsu. Kina tafi suna takawa, kin tsaya sun daskare, wanda ya motsa ya zo ya karɓi tafin maimakon a fitar da shi, don wanda aka fitar daga wasa shi ne galibi wanda ya fi bukatarsa. Ki ce tafiyar hawainiya, ki ce tafiyar raƙumi, ki ce gudun zomo, sun koyi jinkiri da matsakaici da sauri. Ki yi musu ruwan sama: yatsa ɗaya a tafin hannu yayyafi ne, biyu ya fara ƙarfi, duka hannu ruwa kamar da bakin ƙwarya, buga ƙafa tsawa, sannan a sauko a hankali har a ɗauke. Yaron Kaduna da ya san damina daga Mayu zuwa Oktoba ba sai an fassara masa ba. Minti goma zuwa sha biyar ya isa, sauran lokacin a zauna a yi magana a kan abin da aka ji, a rubuta. Ki sanar da malamar ajin da ke jikin naki lokacin da za ki yi, don kada tsawarki ta faɗo a tsakiyar lissafinta. Ranar da aka yarda ki fita waje, ki nemi inuwa da ƙasa mai laushi, da safe kafin rana ta buɗe, a lokacin hazo kuma ki yayyafa ruwa ki lura da masu asma. Maza layinsu daban, mata nasu daban.

Gaɗar kanta ba sai kin yar da ita ba. Ki riƙe karin da tafin da tsarin bayarwa da amshi, ki zuba sababbin kalmomi: ranakun mako, gaisuwar safe da ta yamma, wanke hannu, sunayen itatuwa, girmama iyaye. Ki bar yaran su kawo baiti, za ki sha mamaki. Koyarwa da waƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙin da ta rubuta jajinta, wato matan da ta horar, suka riƙa shiga ƙauyuka suna karantar da mata, don ta san abin da aka rera ya fi zama a kai. Kuma ajinki a Kaduna yake, na tabbata ba Hausawa ne zalla a cikinsa ba. Akwai ɗan Gbagyi, ko Bajju, ko Bayarabe, ko Banufe, ko Ibo. Kowa ya tambayo kakarsa wasan tafi ɗaya ya kawo, ke kuma ki fara jin fassararsa kafin ya shiga aji.

Kayan kiɗa ki jinkirta su. Gwangwanin madara da 'ya'yan tsamiya a ciki yana ba da kacau-kacau mai kyau, ƙwarya a kife ma ganga ce, amma a nan ne maganar addini ta fi zafi, kuma murya da tafi da ƙafa sun ishe ki zango guda cur. Malamai sun daɗe da saɓani a kan kayan kiɗa, ba ke za ki warware shi a ofishin Hajiya ba. Don natsuwar zuciyarki ki tuna hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, na 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawatar, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su. Amma kada ki ɗauke shi makami a kan uban yarinya. In ya kawo maganar addini, ki nuna masa kalmomin waƙoƙin da irin motsin, ki ce ya kai wa malamin da ya amince da shi ya duba. Ki kuma lura da kalmar rawa. A kunnen iyaye da yawa tana ɗauke da hoton gidan biki da karya ƙugu. Abin da kike koyarwa taki ne da tafi da tsalle da daidaita jiki, to ki kira shi da sunansa, ki kuma tabbata iyakarsa ke nan.

Ganin uban yarinyar ya biyo ta hannun Hajiya, kada ki kira shi da kanki. Ki gaishe shi da girmamawa, ki fara tambayar hannun yarinya, ki ce Alhaji baitin nan bai dace ba kuma laifina ne, na cire shi. Sannan ki gayyace shi, ko mahaifiyar yaran, su zo su ga darasi ɗaya. Gani ya kori ji. In bayan haka ya ce shi dai 'yarsa kada ta shiga, haƙƙinsa ne. Ki ba ta aikin da zai riƙe ta cikin darasin, kamar ƙirga tafi ko zana layukan a allo, ba tare da aji ya san dalili ba. Kuma don Allah, 'yata, ki binciki zuciyarki a kan yarinyar nan. Ba ita ta kai ƙararki ba, waƙar da ta ji daɗinta ta rera a gidansu. Kada ta ga canji ko a fuskarki.

Yana yiwuwa ki yi duk wannan Hajiya ta ce a'a. To makarantarta ce, ki bi umarninta. Ki tambaye ta ko za ta bar miki yanka gaɓa da yatsa a kan benci a darasin karatu, wannan da wuya a hana. Ki ƙarasa shekarar karatu da mutuncinki, kina neman wani wurin a hankali, kuma a duk inda kika je ki faɗi yadda kike koyarwa tun a ranar ganawa. Kada ki saki na hannu sai na gaba ya tabbata, saboda ƙannenki. In kina son ƙarin takarda da za ta ba maganarki nauyi, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda aka kafa a 1976, hedikwatarta tana nan Rigachikun a kan hanyar Zariya, kuma an tsara karatunta ne don malamin da ke bakin aiki.

Kafin nan ki sayi littafi mai kauri ki zauna da mahaifiyarki da daddare. Ki ce ta tuno miki wasannin da suka yi da waƙoƙin rainon da ta yi muku, ke kina rubutawa, kuna ware wanda ya dace da ƙananan yara da wanda sai an sake masa kalmomi. Ita ta fi ki sanin wane baiti ne zai sa uba ya ɗaga gira, kuma in ta sa hannu a aikin za ta daina ganinsa a matsayin abin da zai raba ki da albashi.

Ita kuma yarinyar da ta fara ba da waƙa bayan dogon shiru, kada ki bari ta koma cikin ƙwaryarta saboda an daina fita. Gobe da safe ki kira sunanta, ki ce ta jagoranci aji a gaisuwa ko a karanta ranakun mako, su suna amsawa. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninki da Hajiya. Ki rubuto mini bayan kun gana, ina son jin yadda kuka yi.